Yadda ake koya wa yara Japananci ta hanyar bukukuwan shekara

Duk wanda ya taɓa tara yara a ɗaki ɗaya don koya musu wani harshe ya san inda gizo ke saƙar. Ɗan shekara 4 ba ya zama wuri ɗaya, 'yar shekara 8 tana son a ba ta abin rubutawa, ɗan shekara 13 kuwa gani yake an raina shi idan aka sa shi waƙar ƙananan yara. Da Japananci abin ya fi wuya, domin rubutunsa iri uku ne: hiragana da katakana, haruffan gaɓa da ake kira kana a haɗe, sai kanji, alamomi masu ma'ana da aka aro daga Sinanci, kuma ba a lokaci ɗaya ake shiga kowanne ba. Mafitar tana cikin kalandar Japan kanta. Kusan kowane wata yana da bikinsa ko al'adarsa, kuma gidajen renon yara da makarantun firamare na can da waɗannan suke tafiyar da shekararsu. Sai ku ɗauki biki ɗaya, kowa ya zauna a tabarma ɗaya, amma aikin ya rabu hawa uku.

Wannan tsari zai yi wa iyalin da ke zaune a Japan, da wanda ya dawo gida yana tsoron yaran su manta, da malamin da ya yi karatu can yake son buɗe ɗan ajin Asabar.

Mataki na 1: ku kafa kalandar kafin littafi

Ku samu babban kwali, ku raba shi gida 12, ku manna a bango daidai tsayin ƙaramin cikinsu. Sunayen watanni a Japananci lamba ce kawai da kalmar gatsu a bayanta: ichigatsu, nigatsu, sangatsu, har zuwa jūnigatsu. Uku ne ke ba da matsala, sai a haddace su daban: shigatsu na 4, shichigatsu na 7, kugatsu na 9. Ku rina gidajen da launi huɗu bisa yanayin Japan: haru daga Maris zuwa Mayu, natsu daga Yuni zuwa Agusta, aki daga Satumba zuwa Nuwamba, fuyu daga Disamba zuwa Fabrairu.

Idan a ƙasar Hausa kuke, ku ja layi a ƙasa ku rubuta namu: bazara, damina, kaka, hunturu. Aki da kaka sun yi kama sosai, duka lokacin girbi ne. Amma ku nuna wa yara cewa a Afrilu, sa'ad da zafi ke gasa Sakkwato, a Tokyo sanyi ne ke sakin mutane, itatuwan sakura suna fure. Idan ba su fahimci wannan ba, rabin al'adun ba za su yi musu ma'ana ba. A Afrilu ne ma shekarar makaranta ke farawa a Japan, don haka ba laifi ku fara ajinku a lokacin.

Mataki na 2: kunne tukuna

Mako biyu ko uku na farko, kowa da kowa, babba da yaro, sauti zai koya. A nan ɗan Bahaushe ya shigo da jari. Wasulan Japananci biyar ne, a i u e o, irin namu. Jan wasali yana sauya ma'ana: obasan gwaggo ce ko inna, obāsan kaka ce, kamar yadda garin da ake zaune ciki ya bambanta da garin tuwo. Nanata baƙi ma haka: kite na nufin zo, kitte kan sarkin wasiƙa ne, kamar baba da babba. Har karin sauti akwai: a bakin mutanen Tokyo, ame mai faɗuwa daga sama zuwa ƙasa ruwan sama ne, mai tashi kuwa alewa ce. Yaron da ke bambanta kukan jariri da kukar miya ba zai sha wuya a nan ba, muddin an nuna masa cewa abin da ya riga ya sani ne.

Wurare biyu ne za ku tsaya ku dage. Na farko p. Hausa ba ta raba p da f, Japananci kuwa ta raba, don haka pan, wato burodi, da enpitsu, fensir, suna bukatar atisaye. A riƙe 'yar takarda gaban baki, a rufe leɓe gam, a sake: takardar za ta motsa sau ɗaya, ba ta yi ta kaɗawa ba. Na biyu tsu. Namu ts na tsuntsu da tsatsa a maƙoshi ake matse shi, nasu kuwa sakakke ne, t da s a manne, iska na fita a hankali.

Gaisuwa ta shigo tun ranar farko: ohayō gozaimasu da safe, konnichiwa da rana, arigatō don godiya, sumimasen don neman afuwa ko jan hankali. Malami sensei ne, kuma ba ya kiran kansa da san, kalmar girmamawa da ake ƙarawa bayan sunan wani.

Mataki na 3: ku raba su hawa uku, ba aji uku ba

'Yan shekara 2 zuwa 5 ba ruwansu da fensir. Nasu waƙa ce, da motsa jiki, da sunayen abubuwa: launuka, dabbobi, sassan jiki, abinci. Umarni gajere ake ba su suna aikatawa: tatte, tashi, suwatte, zauna, mite, duba, kiite, saurara. Idan yaro ya amsa da Hausa, kada a tsawata masa. A maimaita masa abin da ya faɗa da Japananci, a wuce. Minti 10 a kan abu ɗaya ya ishe su.

'Yan shekara 6 zuwa 9 su ne masu hiragana. Haruffan asali 46 ne. Layi ɗaya a mako, haruffa biyar, ya wadatar, amma kafin a fara jeri a ba kowa haruffan sunansa, domin abin da yaro ya fi ɗokin rubutawa ke nan. Sunan da ba na Japanawa ba da katakana ake rubuta shi, don haka Amina ko Musa za su ga katakana tun da wuri, ba komai. Ku kula da tsarin jan layi tun farko, wane ne na ɗaya, wane ne na biyu, ku yi amfani da littafi mai gidaje murabba'i. Akwai haruffan da ke rikita kowa: さ da ち, ぬ da め, は da ほ, sai わ da れ da ね. A katakana kuma シ da ツ, ソ da ン. Kada ku koyar da tagwayen nan a mako ɗaya.

Ra'ayina game da rubuta Japananci da haruffan boko: sanda ce ta wata ɗaya ko biyu, daga nan a jefar. Yaron da aka bari da ita shekara guda idonsa kullum can zai gudu, ya bar kana.

Daga shekara 10 zuwa sama, kanji ne da jimla. A firamaren Japan yara suna koyon kanji 1,026 cikin shekara shida: 80 a aji ɗaya, 160 a aji biyu, 200 a aji uku. Jerin da aka tsayar don amfanin yau da kullum kuwa 2,136 ne tun 2010. Kada waɗannan lambobi su tsorata ku, kuma kada ku yi tsere da yaron da ke Osaka yana jin harshen dare da rana. Abin daɗi shi ne kanjin yanayi suna cikin na farko-farko: 日 rana, 月 wata, 雨 ruwan sama, 花 fure, 竹 gora duk na aji ɗaya ne, 春 haru, 夏 natsu, 秋 aki, 冬 fuyu, da 雪 dusar ƙanƙara da 星 tauraro na aji biyu. Babban yaron da ya fara daga sifili zai iya gama hiragana cikin makonni kaɗan, don haka kada a haɗa shi da 'yan shekara 6 a kan tafiya ɗaya. A kuma nuna masa tun farko cewa aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma ƙananan kalmomi irin wa, ga, o, ni su ke nuna aikin kowace kalma.

Mataki na 4: yadda zaman Asabar zai kasance

Awa ɗaya da kwata ta isa. Minti 10 na farko kowa tare: gaisuwa, sannan tambayar kalanda, kyō wa nangatsu nannichi desu ka, wane wata ne yau, ran nawa. Minti 15 labarin bikin, da hotuna manya da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya irin na kamishibai, wasan labari da katunan hoto da ya yi tashe a titunan Japan a shekarun 1930. Kuna iya zana naku a bayan kwalin indomi. Sai minti 20 a rabu hawa uku. Sauran lokacin a sake haɗuwa a yi aikin hannu ko wasa, manya suna taimakon ƙanana da sharaɗin da Japananci za su ba da umarni. A nan ne babban yaro ke koyo fiye da kowa, ba tare da ya lura ba.

Idan minti biyar suka rage, a yi shiritori: kowa ya kawo kalmar da ta fara da gaɓar ƙarshe ta wanda ya gabace shi. Ringo, gorira, rakuda. Wanda ya kawo kalma mai ƙarewa da ん, wato n, ya faɗi, domin ba kalmar da ke farawa da shi.

Mataki na 5: bin shekara

Bari mu fara da Setsubun, domin shi ya fi nuna yadda hawa ukun ke aiki. Yana faɗowa ranar 3 ga Fabrairu a yawancin shekaru, ko da yake a 2021 da 2025 ranar 2 ya kama. A gidajen Japan wani yakan sa fuskar oni, dodo mai ƙaho, a bi shi da jifa da gasasshen waken suya ana cewa oni wa soto, fuku wa uchi: dodo waje, arziki ciki. Daga nan kowa ya ci wake daidai yawan shekarunsa.

A ajinku, manya su karanta gajeren bayani, su rubuta 外 waje, 内 ciki, 豆 wake da 福 arziki a kan kwali su manna a ƙofa, ciki da waje. Na tsakiya su rubuta おに dodo, まめ wake da ふく arziki, su ƙirga nasu rabon: hitotsu, futatsu, mittsu, yottsu, itsutsu, har zuwa tō. Ƙanana su shafa wa fuskar dodon launi, aka, wato ja, ko ao, wato shuɗi, su koyi tsuno, ƙaho, da kiba, haure. Lallai a gabansu za a yi fuskar, a gabansu yayansu zai saka ta. Idan ya faɗo ɗaki ba zato, kuka za a yi har a tashi. A gidajen renon Japan akan tambayi yaro wane dodo ne a cikinsa yake son kora, na saurin kuka, nakimushi, ko na saurin fushi, okorinbo. Wannan ya fi jifan kansa amfani, kuma jimla ce cikakkiya ga na tsakiya.

Game da waken: a 2021 hukumar kare masu sayayya ta Japan ta gargaɗi iyaye kada su ba yaro ɗan shekara 5 ko ƙasa da haka busasshen wake ko gyaɗa da danginta, saboda shaƙewa. Ku bi wannan. Ƙanana su yi jifa da dunƙulen jarida. Manya kuma su yi da gyaɗa mai ɓawo, wadda ba ƙirƙirarmu ba ce: a Hokkaido da yankin Tohoku da ita ake yi.

Ranar 3 ga Maris Hinamatsuri ne, bikin 'yan mata, da jerin 'yan tsana a kan matakala mai jan ƙyalle. Cikakken jeri mai hawa bakwai 'yan tsana 15 ne, kuma yana da tsada ko a Japan. Biyu na takarda sun isa. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu hanami ne, zaman cin abinci a ƙarƙashin sakura. Ku shimfiɗa tabarma a gindin duk itacen da kuke da shi, darasin ya zama na abinci: oishii, akwai daɗi, kudasai, a ba ni.

Ranar 5 ga Mayu Kodomo no Hi ce, ranar yara, hutun ƙasa tun 1948. Ana ɗaga koinobori, tutoci masu siffar kifi: baƙi na uba, ja na uwa, ƙanana na 'ya'ya. Da su ake koyar da ƙirgan dabbobi: ippiki, nihiki, sanbiki. Aikin hannun ranar kuwa hular yaƙi ce ta jarida, kabuto. A yanke jaridar ta zama murabba'i. A ninka ta kusurwa zuwa kusurwa, dogon gefen yana sama, tsinin yana kallon cikinka. A saukar da kusurwar dama da ta hagu su haɗu a kan tsinin. A ɗaga bakunan nan biyu a mayar da su sama, sannan a lanƙwasa kowanne waje, ga ƙahoni sun fito. A ɗaga fallen sama na tsinin ƙasa, a tsaya kafin ya kai ƙololuwa, a sake naɗe gindinsa sama ya zama baki. Fallen da ya rage a tura shi ciki. A buɗe, a ɗora a kai. Duk wannan da kalmomi kaɗan babban yaro zai jagoranta: otte, ninka, hanbun, rabi, sankaku, mai kusurwa uku, hiraite, buɗe.

Ku lura da wani abu da bukukuwan ke yi muku a kyauta. Ranakun wata daga 1 zuwa 10 suna da karatu na dabam da ke wahalar da ɗalibai manya. Amma yaron da ya san Hinamatsuri sangatsu mikka ne, Kodomo no Hi gogatsu itsuka, Tanabata shichigatsu nanoka, ya riƙe uku ba tare da jadawali ba. Tsuitachi, wato ran 1 ga wata, zai same shi a sabuwar shekara.

Yuni lokacin tsuyu ne, daminar Japan, kuma ta zo daidai da faɗuwar tamu. Kasa laima, kaeru kwaɗo, katatsumuri dodon koɗi. Japananci cike yake da kalmomin kwaikwayon sauti, yara kuma suna son su: zāzā ruwa kamar da bakin ƙwarya, potsupotsu ɗigo-ɗigo, shitoshito yayyafi mai naci. Idan hadari ya taso ana cikin aji, ku ajiye darasin ku tsaya bakin ƙofa su faɗi wanne ne.

Tanabata, 7 ga Yuli, shi ne bikin rubutu. Tatsuniyar masaƙiya Orihime ce da makiyayi Hikoboshi, taurari biyu da kogin sama, Amanogawa, ya raba, suna haɗuwa sau ɗaya a shekara. Ana rubuta buri a 'yan takardu masu launi, tanzaku, a rataya a reshen gora. Birnin Sendai yana nasa daga 6 zuwa 8 ga Agusta. Ƙarami ya zana hoto, a rubuta masa suna. Na tsakiya ya rubuta jimla ɗaya: isha ni naritai desu, ina son zama likita. Babba ya ƙara dalili da kara ko node, masu nufin saboda. Ku adana takardun, a baɗi ku fito da su, za ku ga ci gaba da idonku.

Tsukimi, kallon wata, yana bin tsohuwar kalandar wata ne, daren 15 ga wata na 8, don haka yana yawo tsakanin Satumba da farkon Oktoba. Japan ta koma kalandar Miladiyya a 1873, amma wannan bikin ya tsaya a tsohuwar. Yaran da suka saba da duban watan azumi nan take za su gane. Japanawa suna cewa zomo ne a cikin wata yana dakan mochi, curin dakakkiyar shinkafa. A kwaɓa garin shinkafa da ruwan zafi, a mulmula ƙanana 15, a dafa a tafasasshen ruwa har su taso, a jera 9 a ƙasa, 4 a tsakiya, 2 a sama. Ga lissafi, ga girki. Wa ƙananan yara a yayyanka musu ƙanana sosai.

Shichi-Go-San na 15 ga Nuwamba, na 'yan shekara 7 da 5 da 3, ku wuce shi da sauri: nansai desu ka, shekararka nawa, tare da issai, hassai, jussai masu sauya sauti. Disamba kuma ōsōji ne, babbar sharar ƙarshen shekara. Yara su share ajin da kansu kamar yadda ɗaliban Japan ke yi, aikatau suna shiga ta hannu: haite, share, fuite, goge, sutete, zubar.

Janairu ta fi kowane wata kaya. Katin gaisuwa nengajō mai ɗauke da akemashite omedetō gozaimasu. Rubutun farko na shekara da burushi da tawada, kakizome, bisa al'ada ranar 2. Wasan karuta, inda ake karanta jimla yara su yi rige-rigen dafe katin da ya fara da harafin, wanda ba abin da ya kai shi gyara hiragana. Sai fukuwarai: a zana fuska ba ido ba hanci, a ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, a miƙa masa me ido, hana hanci, kuchi baki, mayuge gira ɗaya bayan ɗaya, sauran suna ihun migi dama, hidari hagu, ue sama, shita ƙasa, motto ue ƙara sama. Baki zai ƙare a goshi, dariya ta kashe kowa, dama da hagu kuma sun zauna. Mochi na gaske yana da danƙo, yana shaƙe yara da tsofaffi a Japan duk shekara, don haka ba na ƙanana ba ne.

Mataki na 6: addini da abinci, a faɗa wa iyaye tun farko

Wasu al'adun ibada ce ta Shinto ko Buda: ziyarar wurin bauta a sabuwar shekara, kaɗa ƙararrawa sau 108 a daren 31 ga Disamba, Obon na tsakiyar Agusta da ake tarbar ruhin magabata. Waɗannan a ba manyan yara labarinsu a matsayin sanin yadda wasu mutane ke rayuwa, ba a kwaikwayo. Shi ya sa na zaɓi naritai a tanzaku, buri ne yaro ke faɗa, ba roƙon tauraro ba. Iyayen da ba su yarda da jifan dodo ko rusunawar gaisuwa ba, a girmama su, ɗansu ya yi ƙirga da rubutu, ba abin da ya rasa na harshe. A abinci kuma a duba kayan girkin nan biyu, mirin da sake, duka giya ce a cikinsu, haka shirozake na Hinamatsuri, a kuma karanta bayan ledar alewa saboda gelatin na alade.

Mataki na 7: kwana shida da ke tsakani

Ajin Asabar shi kaɗai ba ya riƙe harshe. Minti 10 kullum a gida ya fi awa biyu ranar Lahadi. Ƙarami a kunna masa waƙa ɗaya ta watan har ya gaji da ita. Na tsakiya ya yi ondoku, karatu da babbar murya, aikin gida da 'yan firamaren Japan ke yi iyaye suna sa hannu. Ko uwa ba ta jin harshen za ta iya sauraro ta ji ko yana tuntuɓe. Ya kuma yi enikki sau ɗaya a mako, hoto a sama, jimla biyu a ƙasa. Babba ya karanta labari ɗaya a shafin NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, na labarai cikin sauƙaƙan Japananci, mai ƙananan kana a saman kanji, ya kawo kalmomi uku aji. Idan zanen anime ne ya jawo shi, ku bar masa, amma ku nuna masa cewa maganar jaruman ciki ba da ita ake yi wa malami ko baƙo magana ba: da desu da masu ake yi.

Idan babban yaro ya fara cewa ya gaji, yawanci abin nunawa yake so. Jarrabawar JLPT, ta auna iya Japananci ga waɗanda ba harshensu na gado ba ne, tana da matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba, ko da yake wasu ƙasashen sau ɗaya suke yi a shekara. Karatu da sauraro kawai take aunawa, ba magana ko rubutu da hannu, don haka ba ta 'yan ƙasa da shekara 10 ba ce a ganina. Waɗanda ke Japan suna da Kanji Kentei, jarrabawar sanin kanji, wadda matakinta na 10 ya tsaya a kan kanji 80 na aji ɗaya. Ga sauran, ku buɗe wa kowane yaro jakar fayil, ku zuba tanzaku da nengajō da enikki da kwanan wata a jiki. Shekara ta biyu bukukuwan za su dawo, a ba kowa aikin hawan da ke gaba da nasa, wanda ya shafa wa dodo launi bara shi zai rubuta おに bana.